Nasiha ga Wanda Karatu Ya Kai Nesa

Ɗana, kai da ka tashi a Tamawa ko wani ƙauye da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ka yi firamare a gida, ka wuce sakandare, ka shiga kwaleji ko jami'a, yau kuma ga ka a Jidda ko Manchester ko Kuala Lumpur, da kai nake magana. Ke ma 'yata da aure ko aikin jinya ya kai ki can, kada ki ce ban da ke. An ce mini abokan karatunku sun kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sun neme ka, ka ce aiki ya yi maka yawa. Ɗan'uwanka kuma ya shiga, amma iyakar shigarsa ita ce duk mako ya turo hoton masallaci da "barka da Juma'a" a WhatsApp. Ku biyun duk ina da magana da ku.

Wannan abu ba daga kanku aka fara shi ba. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 ta zama Barewa. Makaranta ta tashi daga garinta sau biyu, ta sake suna, amma ɗalibanta ba su ɓace wa juna ba, kuma ƙungiyarsu tana nan har gobe. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, da yawa daga cikin 'yan Arewan da suka riƙe shi, irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, wannan makarantar suka bi, sun san halin juna tun ba su zama kowa ba. Akwai masu cewa sanin junan ya yi yawa har ya toshe wa wasu hanya, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Amma ka lura da Isa Kaita, wanda kwalejin horon malamai ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa. Shi ma ya yi zaman waje. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana Accra yana karanta labarai a gidan rediyo. Ya dawo Katsina, ya zama ministan ilimi na Jihar Arewa, ya zama Waziri. Zaman Accra bai raba shi da mutanensa ba.

Kafin ma a san boko, fataken goro da suka bi hanyar Gwanja ba su yarda su zauna a baƙon wuri a warwatse ba. Duk inda suka sauka sai sun yi zango, sun naɗa sarki, sun tsayar da limami. Je ka Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi ka gani. Baƙo ya iso da dare, akwai maigidan da zai sauke shi, ya tsaya masa a ciniki. In ya mutu, akwai masu yi masa sutura su aika gida da labari, da abin da ya bari. Ƙungiyar da kake gudu ita ce zangonku na wannan zamani, sai dai ku aji ne ya haɗa ku, su kuwa ayari.

Kada ka ɗauka taimakon wasu kawai ake kiran ka. Kai ne farkon mai buƙata. Ka tuna watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartoum. 'Ya'yanmu da ke karatu can suna da yawa ƙwarai, galibinsu daga Arewa. Aka kwashe su a motoci, wasu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin jirgi ya kawo su Abuja a watan Mayu. A irin wannan rana tambayar farko ita ce: su wa ke nan, su nawa ne, wa ke da lambar wa? Wanda sunansa ke cikin rajistar wata ƙungiya ana cigiyarsa. Wanda ya ware kansa kuwa, sai dai uwarsa ta kwana tana kiran wayar da ba ta shiga. Ko babu yaƙi akwai mutuwa. Kabari a Ingila saye ake yi, kuma da tsada. Ranar da ta Allah ta kasance, ba abokan aikinka na asibiti ko na kamfani za su san yadda za a sanar da tsohonka a Tamawa ba. Wanda kuka ci garau-garau a kwano ɗaya da shi, shi zai hau mashin ya je ya zauna gaban tsohon ya faɗa masa da ladabi.

To, a kan wannan mai mashin nake so mu daɗe. Na san irinsa da yawa. Tare kuka gama, wataƙila ma ya fi ka ƙoƙari a aji. Kai Allah ya buɗa maka hanyar waje, shi ya koma yana koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Ba ka tuna shi sai ranar da wata jami'a ko hukumar aiki ta can ta ce ka kawo takardar sakamakonka daga tsohuwar makaranta. Ranar ce za ka kira shi da "mutumina, kwana da yawa". Ya bar ajinsa, ya sha mai da kuɗinsa, ya je ofishin rajista, a ce masa mai sa hannu ya fita, ya dawo gobe. Ya dawo goben, a ce ba wuta. Ya yi ta sintiri har takardar ta fita. Ka tura masa na goro, ka yi shiru sai wata buƙatar. Wannan ba zumunci ba ne, ɗana, ɗan aike ka mayar da shi, kuma ya sani, kunya ce kawai ta hana shi faɗa.

Abin da ke kashe ƙungiyoyin nan, a nawa gani, ya fi yawa daga nan: a rabu gida biyu, masu dala da masu naira. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, ratar ta ƙara faɗi. Fam hamsin, wanda kai ba ka ɗauke shi komai ba, ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Saboda haka in aka zo taro, wanda ya ba da fam shi ke magana, wanda ya ba da naira dubu biyu ya yi shiru, alhali dubu biyunsa ta fi fam ɗinka ciwo wurin fita. Ku yanka kuɗin wata-wata daidai ƙarfin kowa, amma ƙuri'a ta zama ɗaya. Kuma in da hali, shugaba ko sakatare ya kasance na gida, wanda zai iya taka ƙafa ya shiga makarantar ranar Talata da hantsi ba tare da an share masa hanya ba. An ce zumunta a ƙafa take. Taka ƙafar ba ta ƙetare teku duk wata, dole ka ari ta ɗan'uwanka, kuma wanda ka ari ƙafarsa ba ka raina bakinsa.

Akwai wata makaranta da ba zan kama sunanta ba, wadda tsofaffin ɗalibanta na waje suka aiko mata da kwamfutoci. Aka yi biki, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hotuna. Da na leƙa bayan an kwana biyu, sai na tarar da su jere a wani ɗaki an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani, makulli yana aljihun mataimakin shugaban makaranta. Babu wuta, babu sola, babu malamin da aka koya wa. A bayan wannan ɗakin kuwa, 'yan mata suna layi a bakin bayi guda ɗaya mai karyayyar ƙofa. Da an tambayi shugaban makaranta, da ya ce a gina bayi a gyara famfo. Ba a tambaye shi ba, don bayi ba ya kyau a hoto.

Saboda haka ku tambaya kafin ku saya. Ƙasarmu ta canja tun bayan tafiyarka. Tun daren da aka kwashe yara fiye da ɗari uku daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, uban da zai kai ɗansa makarantar kwana yana fara duba katanga kafin ya duba ɗakin gwaje-gwaje. Wani yaron kuma ba abin da ya tsaya tsakaninsa da jami'a sai kuɗin jarrabawar NECO ko na JAMB. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon wanda ke waje, amma su ne ke yanke wa yaro karatu.

Kuma ba komai ne kuɗi ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 aka kafa ta. Manyan ɗalibanta ma yanzu suke tasowa, ba su tara abin da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke nan tun 1962, suka tara ba. Kada wannan ya sa ku ce sai kun yi arziki. Kai da ka ci gurbin karatu na Commonwealth ko na PTDF, ka san yadda ake cike takardun, ka san abin da ake so a ji a wasiƙar neman gurbi, ka san watan da ake rufewa. Yaron da ke aji huɗu a Dutsin-Ma bai sani ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Awa guda a wata ka duba masa rubutunsa, ka gyara, ka mayar masa. Wannan ba ya bi ta banki, ba mai cinye shi a hanya.

Tunda na ambaci ci, bari mu taɓa maganar da ba a so. Kuɗin jama'a ba ya zama a asusun mutum ɗaya, ko da kuwa limami ne. Ku yi rajista da hukumar CAC, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su sa hannu kafin kwabo ya fita. Duk wata uku ma'aji ya baje lissafi: ga abin da ya shigo, ga buhun siminti nawa aka saya, ga rasit. Mu Hausawa kunya tana cutar mu a nan. Ma'aji yayanmu ne a makaranta, shi ya riƙe mu muna aji ɗaya, wa zai ce masa ina rasit? Sai kowa ya yi gum, a koma gefe ana gunaguni, wata uku a daina biya, shekara guda ƙungiya ta mutu ba a yi mata ko salla ba. Neman rasit ba tuhuma ba ce, kariya ce ga mutuncin shi ma'ajin. Mai gaskiya ma murna yake yi in an tambaye shi. Ku kuma sa wa'adi ga shugabanci, shekara biyu ko uku, a sauka ana dariya.

Siyasa da gardamar aƙida kuwa, ku bar su a bakin ƙofa tare da takalma. Ranar da ɗan takara ya gane kuna da asusu da suna, zai zo da kyauta mai igiya.

Akwai waɗanda maganata ta fi hawa kansu: wanda kuɗin jama'a ya fitar da shi. Ko TETFund ce ta tura ka digiri na uku, ko gwamnatin jiha ce ta kai ka Masar karatun likita, wannan kuɗi na mai sayar da ƙuli-ƙuli ne da manomin da bai taɓa ganin filin jirgi ba. In akwai yarjejeniyar dawowa, ka cika ta. Gudummawar ƙungiya ba ta goge wannan bashi. Wanda kuma ya fita da guminsa, ba na cewa lallai ya tattaro ya dawo. Kowa ya san inda abincinsa yake. Bankin Duniya yana ƙiyasta abin da 'yan Najeriya na waje ke aikowa gida da wajen dala biliyan 20 a shekara. Akasarinsa cefane ne da kuɗin asibiti da biki da ginin gida, kuma ba laifi, iyaye su ne farko. Sai dai wannan kuɗi yana shiga gida-gida ne, ba ya gyara rufin aji. Abin da ya shafi kowa sai an haɗa hannu. Wasu sun riga ku ganewa: 'yan Arewa mazauna Amurka sun kafa ƙungiyar Zumunta tun 1991, likitocin Najeriya na can kuma suna da tasu, ANPA, wadda kan zo gida aikin duba marasa lafiya kyauta. Ba sai kun kai girmansu ba. Aji guda na shekara guda ya isa ya riƙe ɗalibai biyar.

Wani abu ƙarami da ke haddasa ɓacin rai shi ne lokacin taro. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, Saudiyya da awa biyu, Toronto kuma tana baya da awa biyar ko shida. Ba sa'ar da za ta yi wa kowa daɗi. Ku riƙa juyawa, yau wannan ya hana idonsa barci, gobe wancan. Kada kullum a ce na gida ne zai zauna tsakar dare yana neman inda sabis ke kamawa, da katin da ya saya daga kuɗin cefane.

In Allah ya kawo ka gida hutu, kada taron ya ƙare a otal a Abuja. Ka tambayi na gida halin da hanya take ciki, su suka san ranar da ake bi da sa'ar da ba a bi, in sun ce ka zo ka zo. Ka tafi da 'ya'yanka su ga ajin da ka zauna, su gaida mutane da Hausa ko da tana karyewa. Sannan ka sa a kai ka gidan malaman da suka yi ritaya. Da yawansu suna nan cikin Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina, ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, fansho ba ya kai su ƙarshen wata. Ƙungiyarku ta buɗe musu shafi a littafinta, da sunan kowa da unguwarsa da ciwon da ke damunsa, a sa mutum ɗaya na gida ya riƙa zagaya su, a ware musu wani abu duk azumi da kuma ranar da asibiti ya kama.