Hukuncin Aron Shaida a Shari'ar Faɗuwa Cikin Kanti

Tambaya: Malam, ina zaune a Bronx, New York. Santsin ruwan sabulu ya kayar da ni a wani babban kanti, na karye a wuyan hannu. Masu kantin sun ce yanzun nan ruwan ya zube, kuma wai na'urarsu ta goge hoton kyamarar ranar. Wani ɗan garinmu ya ce zai shaida cewa ya ga ruwan tun rabin awa kafin in faɗi, alhali sai bayan na faɗi ya iso. Tunda su suka fara ɓoye gaskiya, ya halatta in karɓa?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Neman diyyar karayarki halal ne. Shehu Khalil ya lissafa ajiye abu mai santsi cikin sabubban lamuni. Da ma'aikacinsu ne ya goge daɓen ya tafi bai kafa alamar gargaɗi ba, da magana ta ƙare.

Taki ta fi kama da mas'alar katangar da ta karkata har ta faɗa wa mutum, domin ga alama wani mai sayayya ne ya zubar da ruwan. A can an sharɗanta a gargaɗi mai katangar, kuma ya samu lokacin gyarawa ya yi sakaci, ko da yake wasu malamanmu sun ce idan haɗarin ya fito fili ba a jiran gargaɗi. Kotunan jiharku ma nan suka tsaya. A 1986, a ƙarar da wani mai suna Gordon ya kai gidan tarihin halittu na New York bayan wata takarda ta kayar da shi a matakala, babbar kotun jihar ta kori ƙarar saboda babu wanda ya tabbatar da tsawon lokacin da takardar ta yi a wurin. Kin ga ke nan rabin awan da ɗan garinku zai ƙaga, a kansa dukan hukuncin zai ratayu.

Haram ne a kansa, haram ne a kanki, kuɗin da suka fito ta nan ma haram ne. Annabi (SAW) ya jera shaidar zur da shirka da saɓa wa iyaye, kuma a hadisin Ummu Salama ya siffanta abin da aka ci da iya baki a gaban alƙali da yankin wuta. Kada wani ya kawo miki mas'alar mai ƙwato haƙƙinsa da hannunsa. Waccan a kan haƙƙin da aka tabbatar take, ke kuwa ba ki san ko ruwan ya yi minti ɗaya ko awa ɗaya ba. Ko da kin sani, ba ta buɗe ƙofar rantsuwa kan ƙarya.

Goge hoton nan shi ne makaminki na halal. Lauyanki ya nemi a binciki ranar da aka goge shi da wanda ya ba da umarni. Idan ta tabbata sun goge bayan sun san akwai ƙara, alƙali na iya ba masu yanke hukunci damar ɗaukar cewa hoton ba ya goyon bayansu. Aiki da alamomi ba baƙo ba ne a fiƙihunmu, Ibn Farhun ya yi masa babi a Tabsira, ga kuma rigar Annabi Yusuf. Ki tuna abin da idonki ya gani kina kwance: gefen ruwan ya fara bushewa? Akwai sawun takalma ko na tayar keken sayayya a cikinsa? A nemi takardar da masu shara ke sa hannu a kai. Idan kuma waya kike dubawa lokacin, ki faɗa. Dokar New York rage diyya take yi gwargwadon sakacinki, ba ta hana ki gaba ɗaya.

Ina jan kunnen jama'armu a can kan wannan aron shaida da ya zama kamar gudummawar biki, da cusa tsohon ciwon baya cikin takardar likita, wai ai kuɗin inshora ne. Wanda ya shiga ƙasa da biza ya shiga da amana, dukiyar mutanenta ba ganima ba ce.

In sun nemi sulhu a kan abin da ya tabbata, ki karɓa. In ba ki shigar da ƙarar ba tukuna, wa'adin irinta a jiharku shekara 3 ne. Wallahu a'alam.