YARON DA BA YA IYA ZAMA WURI ƊAYA: WACE MAKARANTA ZA A KAI SHI?

Ya kai mai karatu, ina roƙonka ka ba ni hankalinka kaɗan, gama maganar nan ta shafi gidaje da yawa, ko da yake ba a cika faɗinta a fili ba. Akwai wani irin yaro wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. In an aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana. In manya suna magana ya katse su. In an ba shi fensir da safe, kafin azahar ya ɓace. Waɗansu sukan ce ƙiriniya ce ta yi masa yawa, waɗansu su ce kangararre ne, waɗansu kuma su ce iska ce ta taɓa shi. Abin da za mu bincika shi ne, wane hakki ne wannan yaro yake da shi a kan iyayensa da kan makarantar gwamnati, kuma yaya za a nema masa wurin da ya dace da shi.

Na san wani yaro ɗan shekara 8, ubansa mai gadi ne a wani babban gida a Nasarawa GRA cikin Kano. Cikin shekara biyu ya bar makarantu biyu. A ta fari, wadda ake biyan kuɗi, an sallame shi domin iyayen sauran yara sun kawo ƙara. A ta biyu ya sha bulala kusan kowace rana, har ya zama in ya fita da safe sai ya tsaya a gindin darbejiya a bakin hanya, sai an tashi ya bi sauran yara zuwa gida. Uban ya zo wurina da maraice ya ce, "Malam, na yi duka har hannuna ya gaji. An ba ni shawara in kai shi gidan mari." Na ce masa, "Baba, ka dakata tukuna. Mu fara sanin abin da ke damunsa."

LAIFI NE KO LARURA?

Wannan ita ce tambaya ta fari, kuma dukan sauran sun rataya a kanta. Akwai bambanci mai girma tsakanin yaron da ya ce "ba zan yi ba" da wanda ya so yi amma ya kasa. Na farin ya ƙi ne, na biyun kuwa abin ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yi musu hukunci ɗaya ya zalunci ɗayansu.

A shekara ta 1902 wani likitan yara a birnin Landan, mai suna George Still, ya yi wa 'yan'uwansa likitoci bayani a kan yaran da hankalinsu lafiya lau yake, amma ba su iya riƙe kansu. Ya ɗauke shi rauni ne a wajen mallakar hali, amma ya lura ana samunsa har a gidajen da ake reno mai kyau. Tun daga ranar an yi ta bincike, yanzu kuwa likitoci suna kiran larurar ADHD a taƙaice, watau ƙarancin natsuwa tare da yawan motsi da gaggawa. An ƙiyasta tana samun kamar yara 5 cikin 100 a duniya, an fi ganinta ga maza, kuma sau da yawa ana gadonta. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna sassan ƙwaƙwalwa masu sa mutum ya dakata kafin ya aikata sukan yi jinkirin nuna a wurin irin yaran nan, kamar da shekara 3. Ka ga ke nan, yaron kamar ingarman doki ne wanda aka sa wa linzami sako-sako. Ƙarfin yana nan, gudun yana nan, abin tsayarwa ne ya yi rauni. Mahayi mai hankali linzamin yake gyarawa, ba ya karya ƙafar dokin.

Watakila za ka ce, "Ashe, sai mu zuba masa ido ya yi abin da ya ga dama? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Gaskiyarka, ɗan'uwana, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Larura ba ta mai da mugunta ta zama kirki. In ya mari ɗan'uwansa, lalle ya nemi gafara. In ya fasa abin wani, lalle ya sa hannu a gyara. Wannan yaro ma ya fi sauran bukatar horo, sai dai horon da yake ji shi ne doka gajeriya, wadda ba ta sakewa daga yau zuwa gobe, da sakamako nan take, da yabo sa'ad da ya yi daidai. Duka kuwa tsoro yake koya masa da ƙarya. Yaron da ake kira mugu safe da yamma, wata rana zai karɓi sunan ya yafa kamar riga, sa'an nan abin da ya faro da larura ya koma kangara ta gaske.

ƘOFOFIN DA BA NASA BA

Sa'ad da iyaye suka gaji, sukan nemi wurin da za su sauke kayan. A watan Satumba na 2019 duniya duka ta ji wannan magana, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafafunsu. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu domin a gyara musu hali. Ban ce iyayen nan ba su ƙaunar 'ya'yansu ba. Gajiya ce da rashin sanin wata hanya. Amma sarƙa ba ta taɓa koya wa kowa mallakar kansa ba, gama wanda aka ɗaure, ƙarfe ne yake riƙe da shi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Waɗansu kuma sukan ce a kai shi makarantar musamman. Akwai ta gwamnati a Tudun Maliki, kuma tana aiki mai daraja, amma yawancin aikinta domin kurame ne da makafi. Yaronmu yana ji, yana gani, hankalinsa ya isa karatun tsararsa. Wurinsa yana cikin aji tare da 'ya'yan unguwa, inda zai koyi jiran layi a cikin masu jira.

HAKKINSA A MAKARANTAR GWAMNATI

Ya kai uba, ya ke uwa, ku sani ba alfarma kuke roƙo ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ta ba kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 kyauta, ta kuma wajabta wa iyaye su kai shi. Dokar tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta jiki ko ta hankali, ta kuma umarci makarantun gwamnati su karɓe su, kowace ta kasance da aƙalla ma'aikaci guda wanda aka horar domin su. Gwamnatin Kano ta yi shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, a 2024 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Kalmar "kowane yaro" ba ta cire mai ƙiriniya ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ga shi kuwa an sha ganin aji mai yara fiye da 100 a Kano. Malamar da ke tsaye gaban irin wannan taro, da alli ɗaya da murya ɗaya, ita ma abin tausayi ce, sauran yaran kuma suna da hakkin a bar su su ji karatu. Saboda haka wani zai ce adalci shi ne a yi wa kowa daidai wa daida. Ni kuwa na ce, uwar da ke da 'ya'ya biyar, in ɗaya ya kwanta da zazzaɓi ta kwana a kansa, ba ta zalunci huɗun ba. Adalci shi ne kowa ya sami abin da zai tsayar da shi da ƙafafunsa. Abin mamaki kuwa, abubuwan da ke taimakon wannan yaro, watau umarni a sarari, da aiki gajere, da tsari tabbatacce, su ne ke taimakon ajin duka.

A nan Nasarawa ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta fari a Arewa a 1909, gidansa kuma yana tsaye har yau. A wannan makaranta an haɗa karatun littafi da sana'ar hannu, kamar dukanci da kafinta da ƙira. Tun daga tushe, ke nan, an san yaro da hannunsa ma yake koyo. Abin kunya ne a ce a unguwar da aka faro wannan aiki, ɗan mai gadi ya rasa benci.

YADDA ZA KA NEMA

Da fari, ka kai shi wurin likita kafin ka kai shi wata makaranta. Asibitin Nasarawa, watau na Muhammad Abdullahi Wase, yana cikin unguwar, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa. A duba kunnensa da idonsa, gama yaron da ba ya jin malam ko ba ya ganin allo, shi ma ba ya natsuwa. Haka kuma mai yunwa, da mai ƙarancin barci, da mai baƙin ciki, da mai wata irin farfaɗiya da ke ɗauke hankali na ɗan lokaci. Ba a tabbatar da larurar sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun daɗe wata 6 ko fiye, kuma ana ganinsu a gida da makaranta duka. Akwai magani da ke taimakon yara da yawa, amma yakan rage cin abinci da barci, don haka likita kaɗai ke ba da shi. Kada ka saya a kemis da kanka. Ka roƙi likita ya rubuta maka takarda zuwa ga makaranta.

Na biyu, ka taka da ƙafarka ka duba makarantu biyu ko uku na kusa, a lokacin da ake karatu. Kada fentin ƙofa ya ruɗe ka. Ka ƙidaya yaran ajin. Ka kasa kunne, muryar koyarwa ce ta fi yawa ko ƙarar bulala? Ka duba ko akwai filin gudu in an fita tara, da katanga da za ta tsare shi daga titi. Malami kake nema fiye da gini, gama a hannunsa yaron zai wuni.

Na uku, ka faɗa wa hedimasta gaskiya tun ranar fari. Iyaye da yawa sukan ɓoye domin tsoron kada a ƙi yaron, sa'an nan bayan mako uku asiri ya tonu, amana ta lalace. Wanda ya ƙi ɗanka domin ka faɗi gaskiya ya hutar da kai. Wanda ya karɓe shi da saninsa ya zama abokin aikinka.

Na huɗu, ka roƙi abubuwan da ba su cin kwabo. A zaunar da shi a gaba, nesa da taga. A ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a sa ya maimaita. A raba masa aiki kashi-kashi. A sa shi share allo da raba littattafai, domin motsin da ya zama masa dole ya koma hidima. Kada a hana shi fita tara domin horo, gama gudun nan ne ke sauke masa nauyi. A ajiye ƙaramin littafi wanda malami zai rubuta layi ɗaya kowace rana, kai kuma ka duba da dare.

Na biyar, in an ƙi shi ko an kore shi, kada ka koma gida ka yi shiru. Akwai kwamitin kula da makaranta, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, akwai hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha. A Jami'ar Bayero kuma akwai sashen ilimin musamman inda masanan wannan fanni suke. Ka je da ladabi, da takardarka a hannu, in ba a ji ka ba ka sake komawa.

GARE KA, MAI ABIN HANNU

Kai da Allah ya buɗa wa, in ɗanka ya zo da wannan larura, za ka iya biya masa aji mai yara kaɗan. Madalla. Amma ɗan da ke kwana a ɗakin bayan gidanka fa? Kalma ɗaya daga bakinka a ofishin ilimi ta fi zirga-zirgar ubansa goma. Kuɗin man motarka na yini ɗaya ya isa ya kai shi asibiti ya dawo. Ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan da na ba ka labarinsa yana wata makarantar gwamnati ta uku yanzu. Wata dattijuwar malama ta zaunar da shi kusa da teburinta, ta danƙa masa tsumman share allo. Ba zan ce maka ya sake sarai ba. Har yanzu akwai ranakun da littafin nan yake dawowa da ƙara. Amma ya gama shekara a aji ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, ya kuma karanta wa ubansa lambar gidan da yake gadi da sunan titin.

Ya mai karatu, 'ya'ya amana ce, kuma ba mu ne muka zaɓi irin wadda za a ba mu ba. In akwai irin wannan yaro a gidanka, ko ajinka, ko bayan katangarka, ka ajiye bulala yau, gobe da safe ka kama hannunsa ku tafi. Allah ya ba mu haƙurin da ya isa aikin.