Alhakin Mai Karanta Labarai

Tun da talabijin ta fara aiki a Kamaru a 1985, aka kuma haɗe ta da rediyo a 1987 da sunan CRTV, gidajen Garwa suka samu baƙon da ke sallama kowane dare, wato mai karanta labarai. To, idan abin da ya karanta ƙarya ne, wuyan wa alhakin zai hau? Masu kare shi kan ce edita ne ya rubuta, manya suka sa hannu, shi baki kawai ya ara, kamar sankiran da ke shelar saƙon Lamiɗo.

Malaman hadisi ba su taɓa yi wa mai ruwaya wannan rangwame ba. Duk wanda magana ta bi ta bakinsa sai sun auna adalcinsa da kiyayewarsa, domin jama'a mutum suke gaskatawa kafin su gaskata zance. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ma ta umarci a tantance labari don kada a cutar da mutane bisa jahilci. Da sankira ya buɗe baki, kowa ya san muryar fada ce. Mai karanta labarai kuwa yana zama ne a matsayin shaida. Manomin da ke gaɓar Binuwai, idan ya ji an ce ba za a saki ruwan madatsar Lagdo ba, fuskar da ya saba da ita ce ta kwantar masa da hankali har ya bar hatsinsa a fadama.

Akwai hanzari mai nauyi, wato tsoro. An kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa a Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10 a 2017 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, sai a Disambar 2017 ya shaƙi iskar 'yanci. Wanda ya ga haka dole jikinsa ya yi sanyi, kuma shari'a ta san uzurin wanda aka tilasta. Sai dai fargabar rasa kujera ko ƙarin girma ba ta kai matsayin tilas ba. Tsakanin kurkuku da ƙarya akwai fili ga mai karanta labarai: ya jingina magana ga mai ita, ya ce gwamnati ce ta faɗa, ya bambanta abin da wakili ya gani da abin da aka gaya masa, ko ya nemi a ɗauke masa karanta abin da ya san ƙage ne. Wanda yake da waɗannan ƙofofi ya ƙi bin ko ɗaya, ya zama abokin tarayyar edita a cikin alhakin.