Kyamarar Kawu: A Gyara Ko A Canza?

A ƙarshen 2022 na kai ziyara Mai Wurno, garin dangin mahaifiyata da ke bakin kogin Nilu, kudu da birnin Sinnar a ƙasar Sudan. Ranar da zan taho, kawuna ya ɗauko wata ƙaramar kyamara a naɗe cikin tsumma ya damƙa mini. Ya ce, "Ɗana, kai ne mutumin birni. Ka kai ta Kano a duba mini, in ta tashi ka aiko." Na ce, "To Kawu, in sha Allahu ba za ta yi wata guda ba."

Ciwon kyamarar ba ɓoyayye ba ne. Idan aka kunna ta, bakin gilashin sai ya fara fitowa ya maƙale, ta yi ƙara ta mutu. Guguwar ƙurar nan da mutanen can ke kira habub ce ta cusa mata yashi, ƙananan haƙoran roba masu tura gilashin suka cinye. Na jefa ta a durowa, hidimar gidan rediyo ta sha kaina. Ina cikin yau da gobe yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A Disambar shekarar Wad Madani ta faɗi, a 2024 wutar ta shiga jihar Sinnar. Sai a sannan kunya ta kama ni, na ɗauki kyamarar na nufi wajen wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre.

Ya buɗe, ya girgiza kai. Ya ce an daina ƙera irinta, sai dai a nemo gawar wata a ciro kayan, kuma kuɗin zai kusa kai na wata ta hannu mai lafiya. Ko an gyara ma ba zai ɗaukar mini alkawarin za ta shekara ba. Ya ce, "Malam, shawara ta rage gare ka."

Tambayar da na kwana da ita ke nan, kuma ina ganin ta wuce kyamara: idan abu ya lalace a hannunka, mene ne haƙƙinsa a kanka?

Da farko zuciyata ta karkata ga gyara. Mun tashi a gidajen da ake ɗinke takalmi, a liƙe bokiti, a juya wuyan riga. Addini ya hane mu almubazzaranci. Kamfanoni kuwa sun fi son mu yar mu sayi sabo, shi ya sa kayan gyara suke ƙarewa tun abin bai tsufa ba. Duk wanda ya gyara ya ciyar da mai gyara, ya kuma rage bolar batura da ƙarafa da ke gurɓata ƙasa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe. Har yau ban janye daga wannan ba: gyara ne ya kamata a fara nema.

Amma da na bincika kaina da kyau, sai na ga ba tattali ne kaɗai yake tura ni ba. So nake in wanke laifina. Na saɓa alkawari, ina son in biya da tsada don raina ya yi sanyi. Alhali kuɗin da zan zuba, a lokacin da dangina suke neman abin sayen dawa da magani, yana da masu haƙƙi a kansa. Gyaran da mutum yake yi don lallashin zuciyarsa da kuɗin da mabuƙaci ke jira, shi ma almubazzaranci ne, sai dai ya sa rigar kirki.

Daga nan na zare katin ajiyar hotunan na sa a kwamfuta. Ashe ko ƙwarzane bai yi ba, domin hotuna a kati suke zama, ba a jikin kyamara ba. Na ga suna da ɗaurin aure, na ga mata suna tsinkar auduga, na ga masunta a bakin ruwa, na ga dattawa sun jeru bayan sallar Idi. Mafi yawa kuma ƙananan hotunan fuska ne da Kawu yake ɗaukar mutane don takardun shaida.

Sai wanda ya san tarihin wurin zai gane nauyin wannan. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da yake ɗauke da laƙabinsa. Wasu kuma maniyyata ne da suka yada zango a hanyar Makka, suka zauna. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gumin mutanenmu yana cikin wanda ya shayar da gonakin audugar Jazira. Duk da haka, bayan shekara fiye da ɗari, akwai masu kiransu baƙi, kuma rikicin da ya ci rayuka a kudancin yankin a Yulin 2022 ya taso ne kan ƙasa da sarauta. Mutanen da ake ja da zamansu, hoto a wurinsu shaida ne.

A nan na gane cewa amanar da aka ba ni tana kan aikin da kyamarar take yi, ba kan roba da gilashinta ba. Su kansu masu hijirar ba su ɗauko katangar Sakkwato a ka ba. Sun bar gini, sun tafi da abin da aka yi ginin dominsa: addini, harshe da zumunci.

Da layi ya samu, na tura wa Kawu saƙon murya na faɗa masa komai, har da sakacina. Amsarsa gajera ce: "Ɗana, hotunan suna nan? To alhamdu lillahi. Ƙarfe ai ƙarfe ne."

Na bar wa mai gyaran gawar kyamarar don ya tayar da ta wani. Na wanke hotunan dattawan a takarda, na adana sauran a wuri uku, na tura abin da ya samu don cefane. Kyamara ta hannu kuwa na saya daga baya, tana jiran hanya.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka yanke hukunci a kan abin da ya lalace, ko na'ura ce ko gida ko wata tsohuwar al'ada, tambayi kanka: wane aiki yake yi, wa yake yi wa, kuma daga bakin wa za a cire kuɗin gyaransa? In gyara ne zai tsare aikin, gyara ko da za a yi maka dariya. In canji ne zai tsare shi, canza ba tare da jin kunya ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne wanda na yi: jefa amana a durowa ana jiran gobe.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya ba mu ikon riƙon amana.