Tambaya Biyu a Shagon Kawu

Wani matashi ɗan Gyadi-Gyadi ya gama digirin lissafi a Jami'ar Bayero, ya yi bautar ƙasa, sai zancen digiri na biyu ya hana shi sukuni. Ko dai injiniyancin hada-hadar kuɗi, wanda Jami'ar WorldQuant ke koyarwa kyauta ta intanet, inda ake auna kasadar farashi da lissafi da manhajar Python; ko kuwa kimiyyar gudanarwa a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Bayero. Abokansa na majalisa bakinsu ɗaya: na farkon ne ake biyan masu shi da dala.

Ranar Asabar ya hau adaidaita zuwa Kasuwar Tarauni, wurin kawunsa mai sayar da hatsi, ya zayyana masa komai.

Kawu ya ce, "Ɗana, ni boko bai ratsa ni ba, amma abu biyu ke damuna. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Sai in sayar da buhu, in koma kasuwar Dawanau, kuɗin ya kasa sayen wani. Na biyu, kaya na lalacewa a sito, kuma wake kan ƙare ranar da aka fi nemansa. Zauna mini mako biyu ka duba."

Yaro ya sayi littafi. Ranar farko ya jera farashin masara da gero, ya ce gobe zai zana jadawali.

Washegari ya leƙa sito. Ya tarar 'yan dako na jibge sabon kaya a bakin ƙofa, tsohon yana can ƙurya ƙwari na cin sa. Ya cusa hannu cikin wani buhun wake, gari ya biyo yatsunsa. Nan take ya nemo alli ya rubuta wa kowane buhu ranar shigowarsa, ya sa aka riƙa fitar da wanda ya riga shiga. Ya ƙirga mudu nawa ke fita kullum, ya gano ranar da ya kamata a aika Dawanau tun kaya bai yanke ba. Har sai an kira magariba ake tashinsa.

Da wa'adi ya cika, Kawu ya buɗe littafin. Shafi ɗaya na farashi, sauran duk na sito.

"Tambaya biyu na yi maka. Wa ya hana ka ta farko?"

"Babu, Kawu. Hankalina ne bai koma kanta ba. Amma fa can kuɗin yake."

"Kuɗin na wanda zai kwana a kan lissafin ne ba a tashe shi ba. Kai na ga inda ka kwana."

Kada a ɗauka Kawu ya raina ilimin hada-hadar kuɗi; ƙasar nan na matuƙar buƙatarsa. Sukuk na naira biliyan 100 da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 don gina hanyoyi, sai da masu ƙwarewa a lissafin kuɗi suka tsara shi. Tambayarsa ta farko ma tana nan tana jiran mai ita.

Da aka buɗe neman gurbin karatu, yaron ya cike fom ɗin kimiyyar gudanarwa, Kawu ya biya kuɗin.