Hakkin Maƙwabci

Ya kai ɗan'uwa cikin Almasihu, mazaunin Runjin Sambo a birnin Sakkwato, kiran salla yana tashe ka da asuba, katangarka kuwa ɗaya ce da ta Musulmi. Ga tambaya a gare ka: don me kake yi masa alheri? Domin ya bi addininka ne, ko domin hakkinsa ne a wuyanka?

Ka dubi Wusasa ta ƙasar Zazzau. Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 aikin mishan ya ƙaura zuwa Wusasa, aka gina majami'a da ƙasa bisa ga ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibiti. Masu ciwo da yawa sun zo, sun sha magani, sun koma gida suna Musulmi kamar yadda suka zo. Ko maganin ya tafi a banza ke nan? Ko kaɗan, gama mai ciwo ya warke. A can kuwa akan iske zuriya ɗaya, wani yana zuwa masallaci, wani majami'a, suna gaisuwar mutuwa tare.

Ka tuna da misalin Basamariye cikin Luka sura 10. Ya ɗaure raunukan baƙo, ya biya masa masauki, ya kama hanyarsa, bai tambaye shi inda yake sujada ba. Alherin da aka ɗana kamar tarko, maƙwabci yakan gane shi da wuri, gama tsuntsu ya san hatsin da ke bisa zarge. Daga ranar nan ba za ya ƙara gaskata maganarka ba.

Domin wannan, sa'anda maƙwabcinka yake azumi, kada ka ci abinci a gabansa da gangan. Idan an yi masa rasuwa, ka zauna a tabarmarsa. Idan ka auna masa hatsi, ka cika mudu. Idan 'yan tarzoma suka tashi, ka buɗe masa ƙofarka. Kada kuwa ka ɓoye bangaskiyarka don kunya. In ya tambaye ka, ka amsa da tawali'u, ba da zagi ba.

Juyar da zuciya aikin Allah ne. Naka shi ne ka biya hakkin maƙwabci yau, ko ya saurare ka, ko bai saurara ba. Ubangiji ya taimake ka. Amin.