Fili da Inuwa: Haƙƙin Mai Ƙaramin Ƙarfi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya zaunar da bayinSa a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan wani abu ce da ba kasafai muke ɗaukarsa maganar addini ba, wato fili da inuwa: inda yaro zai yi guje-guje, tsoho ya shimfiɗa tabarma, ɗan ga-ruwa ya ajiye kura ya huta. Abin da ya kawo maganar kuwa kowa ya sani. An kawo wa kwamiti shawarar a gina shaguna a harabar masallacinmu domin a riƙa samun kuɗin haya. Kafin mu zauna a kanta, ya kamata mu san abin da za mu samu da abin da za mu rasa.

Mu fara duba garin da muke zaune. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Lafiya ta zama babban birni, garin bai daina faɗaɗa ba. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Lafiya tana da mutum fiye da dubu 330, ballantana yau, bayan zuwan jami'ar tarayya a 2011 da tururuwar mutane irinmu masu neman halali. Dattawanmu da suka riga mu zuwa fataucin doya da hatsi suna ba mu labarin gonaki da itatuwa a wajajen Bukan Sidi da Shabu da Ombi, inda yanzu gini ya haɗe da gini. Cikar gari albarka ce. Amma duk filin da aka yanka aka sayar, akwai yaran da suka rasa wurin wasa, kuma ba a taɓa tambayarsu ba.

To, wa ya fi jin wannan a jikinsa? Mai hali yana da katanga, cikinta akwai mangwaro da ciyawa. In zafi ya matsa ya tada janareta, in 'ya'yansa sun ƙosa ya zuba su a mota ya kai su wurin shaƙatawa ya biya kuɗin shiga. Allah Ya ƙara masa, ba hassada muke yi ba. Amma akasarinmu a gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, rufin kwano, tsakar gida kuma ta igiyar shanya ce da murhu. A watan Maris, in rana ta take, ɗakin nan ba ya zaunuwa. Ina yara za su? Sai bakin titi, tsakanin 'yan acaɓa da keke-napep. Wallahi wanda bai taɓa jin ƙarar birki ba alhali ɗansa yana waje, bai san darajar fili ba.

Kuma ba kuɗin ƙofa kaɗai ke hana talaka ba, nisa ma ƙofa ce. Ga Abuja nan kusa da mu. A watan Disamba na 2003 aka buɗe babban wurin shaƙatawa na Millennium Park, amma a Maitama yake, unguwar manya. Magidancin da ke Mararaba ko Masaka, a cikin jiharmu, inda cunkoso ya fi na ko'ina, ko an ce masa shiga kyauta ne sai ya lissafa kuɗin motar iyali zuwa da dawowa, ya ga ya kai na cefanen kwana biyu, ya haƙura. Inuwar da ke amfanar mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda zai taka da ƙafa ya je.

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Sahihul Bukhari da Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya keɓe wata makiyaya ya ɗora hadiminsa Hunayyu a kanta. Umarnin da ya ba shi, a taƙaice, shi ne ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun ko dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabinai, shi kuwa ƙaramin makiyayi ba shi da komai sai kukan 'ya'yansa. Ku duba fa, 'yan'uwa: manyan sahabbai biyu ne, masu albishir da Aljanna, amma a wurin jama'a talaka aka sa a gaba, saboda shi ne ba shi da madadi. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu ɗauka.

Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna jama'a suna tarayya a ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Muslim ya ruwaito tsoratarwa mai tsanani ga mai yin bahaya a kan hanya ko a inuwar da mutane ke zama. Ashe inuwa tana da alfarma a shari'a. In wanda ya ɓata ta na yini ɗaya ya jawo wa kansa tsinuwar mutane, mu auna wanda ya kawar da ita gaba ɗaya. Sannan ya tabbata cewa Musulmin da ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Kakanninmu ma sun san haka. A ƙasar Hausa akwai hurumi, ƙasar da ba mai nomawa ba mai ginawa, akwai burtali, akwai dandali. Kalmar dandali kanta daga Barebari muka aro ta, su kuwa su ne suka kafa wannan gari da ya karɓe mu. Kun ga ke nan barin fili a tsakiyar gari gado ne namu da na masu masaukinmu.

Wanda yake ganin abu ne mai sauƙi a gina yau a gyara gobe, ya tuna filin Idi na Ƙofar Mata a Kano. An gina shaguna a jikinsa, mutane suka zuba jarinsu. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su, magana ta kai kotu, har aka yanke hukuncin diyyar naira biliyan 30. Ba mu zo yanke wa kowa hukunci ba, kuma muna da 'yan'uwa a kowane ɓangare. Darasin shi ne, filin jama'a in ya zama shago, dawo da shi sai da hawayen wani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai mu dawo gida. Masu shawarar shaguna ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu gaskiya ce: akwai alawus na liman da ladan, akwai kuɗin wuta da gyaran famfo, kuma abin da ake samu a asusun Juma'a ba ya isa. Wannan nauyi ne a kanmu duka. Amma a harabar nan sahu ke fita ranar Juma'a in ciki ya cika. A nan muke sallar jana'iza da ɗaurin aure. A ƙarƙashin darbejiyar nan 'yan Islamiyya ke jiran iyayensu, a nan ɗan cirani da ya sauka da dare yake samun wurin miƙe ƙafa. Kuɗin haya ana iya rubuta shi a littafi, waɗannan kuwa ba su shiga lissafi, shi ya sa ake saurin mantawa da su.

Don haka ga abin da za mu gabatar a zama. Na ɗaya, a keɓe sashen da ba za a taɓa ba, har da itatuwan, a rubuta shi wakafi a gaban shaidu da mai unguwa, a bi takardunsa a hukumar NAGIS, don kada na bayanmu su yi jayayya. Na biyu, masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin wani abu duk wata, domin kada talaucin asusu ya ci filin. Na uku, da saukar damina kowane magidanci ya dasa itace ɗaya a ƙofar gidan da yake, da izinin mai gidan, ya kuma kare shi daga awaki. Na huɗu, inuwar nan ta kowa ce: Alago ne ko Eggon ko Gwandara ko Tibi, Musulmi ko Kirista, maƙwabci yana da haƙƙi. Iyayenmu mata da yara mata su ma a ware musu lokacinsu, kada majalisar maza ta mamaye wurin. Na biyar, wanda ya zauna ya ba wurin haƙƙinsa: runtse ido, tsafta, ba shaye-shaye, ba ƙwallo lokacin salla.

A ƙarshe, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Saboda haka ba rashin kunya ba ne mu roƙi kansila da ɗan majalisarmu, ta hannun mai unguwa da hakimi, cewa duk sabuwar unguwar da za a yanka a bar wa yara fili, kuma a kare na makarantun firamare. Mu baƙi ne, mu yi da ladabi, amma a nan aka haifi 'ya'yanmu.

Za a zauna ranar Lahadi bayan la'asar. Mai goyon bayan shaguna ya zo, mai adawa ya zo, a yi magana da mutunci.

Allah Ya sanya mu a inuwar Al'arshinSa ranar da babu wata inuwa. Allah Ya zaunar da Lafiya lafiya, Ya taimaki Mai Martaba Sarki da shugabanninmu a kan adalci, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Sakataren Masallaci, a madadin kwamiti.